Switch 2, Steam Deck ko ROG Ally: wacce ta cancanci kuɗinka?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah da ya tara kuɗin sayen na'urar wasan bidiyo ta hannu guda ɗaya tak, kuma ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin Nintendo Switch 2 da Steam Deck da ROG Ally. Ya ce ya karanta tallace-tallace da alƙaluman ƙarfin kowacce har kansa ya ɗaure, don haka yana so a faɗa masa wadda ta fi wasanni masu kyau, wadda ta fi inganci, da wadda ba zai yi da-na-sanin kuɗinsa a kanta ba.

Malam, abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka fara bincike daga inda masu talla suke so ka fara, wato daga ƙarfin na'ura. Ni shawarata ita ce ka ajiye waɗannan alƙaluman tukuna, ka ɗauki takarda ka rubuta wasanni goma da kake da tabbacin za ka buga a cikin shekara biyu masu zuwa, domin wannan takardar ce za ta zaɓa maka na'ura, kuma sau da yawa tana yanke hukunci kafin ma a kai ga maganar allo ko batir.

Dalilina yana cikin tarihin wannan kasuwa. A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy, na'ura mai allo marar launi wanda ko hasken kansa ba shi da shi, tana cin batir ƙanana guda huɗu, ana sayar da ita kusan dala 90 a Amurka. Ba da jimawa ba kamfanin Sega ya fito da Game Gear mai allo mai launi da haske, wadda duk wanda ya gani a hannun wani sai ta ba shi sha'awa, amma tana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, kuma kuɗinta ya kai kusan dala 150. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayar da fiye da miliyan 118, ita kuwa Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10. An sake kwatanta haka daga 2004, lokacin da Sony ya fitar da PSP wadda ta fi Nintendo DS ƙarfi nesa ba kusa ba, amma DS ta sayar da kusan miliyan 154, PSP kuma wajen miliyan 80. PlayStation Vita da ta biyo baya na'ura ce mai kyau ƙwarai, sai dai katin ajiyarta na musamman ne kuma mai tsada, manyan wasanni suka yi mata ƙaranci, har aka daina ƙera ta a 2019. A duk waɗannan karon, wadda ta fi ƙarfi ba ita ta yi nasara ba. Mutane sun bi wasannin da suke so, da batir ɗin da zai kai su inda za su, da farashin da aljihunsu zai ɗauka.

Yanzu mu zo kan wasannin, domin a nan ne bambancin ya fi girma, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada.

Nintendo yana riƙe da abin da babu wanda yake da shi: wasanninsa na kansa ba sa fitowa a kan na'urar wasa ta wani kamfani ko a kwamfuta. Idan takardarka tana ɗauke da Zelda ko Mario Kart ko manyan wasannin Pokémon ko Animal Crossing ko Donkey Kong Bananza, to magana ta ƙare, domin babu halastacciyar hanyar buga su a Steam Deck ko ROG Ally. Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 449.99, tana buga mafi yawan wasannin Switch ta farko, wadda ta fito a 2017 kuma ta sayar da fiye da miliyan 150, saboda haka wanda ya saye ta yana gadon tarin wasanni na shekara takwas tun ranar farko. Ƙarfinta ya kai ta ɗauki manyan wasannin wasu kamfanoni da tsohuwar ba ta iya ɗauka, kamar Cyberpunk 2077 wanda ya fito tare da ita. Duk da haka, ba kowane babban wasa ne yake zuwa gare ta ba, kuma wanda ya zo ma wani lokaci yakan makara.

Steam Deck kuwa, wadda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a Fabrairun 2022, kwamfuta ce da aka ƙera a siffar na'urar wasa, kuma ƙofarta a buɗe take zuwa kasuwar Steam mai dubban dubatan wasanni, tun daga waɗanda suka shekara ashirin har zuwa na bana. A can za ka sami Elden Ring da Baldur's Gate 3, da ƙananan wasanni masu daɗi irin su Hades da Stardew Valley, har da wasannin da a da sai mai PlayStation yake buga su, kamar God of War da Spider-Man, tunda Sony ya kawo su kwamfuta. Amma akwai sharaɗi da dole ka fahimce shi. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ita ce SteamOS, wadda aka gina a kan Linux, alhali yawancin wasannin an rubuta su ne don Windows. Valve ya sa wata manhaja mai suna Proton a tsakani, tana fassara umarnin wasan zuwa abin da Linux zai gane, kuma a mafi yawan lokuta mai wasa ba ya ma sanin ana wannan aiki. Inda abin yake tsayawa shi ne wasannin gasa ta intanet masu manhajar hana maguɗi wadda take shiga can cikin zuciyar Windows. Fortnite ba ya aiki a SteamOS, haka Destiny 2, haka sababbin Call of Duty, haka wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC, kuma Apex Legends da yake aiki a da an rufe masa wannan ƙofa a ƙarshen 2024. Wanda ya saya don ya buga ƙwallo da abokansa, ya kunna na'urar ya tarar wasan ya ƙi buɗewa, ya tafka asarar da binciken minti biyar zai hana. Kuma binciken mai sauƙi ne: a shafin kowane wasa a Steam akwai alamar da Valve yake sawa bayan gwaji, koriya ga wanda aka tabbatar yana aiki lafiya, rawaya ga wanda yake aiki amma da ɗan gyare-gyare kamar ƙananan rubutu ko buƙatar kiran allon rubutu da hannu, sannan akwai alamar wanda ba ya aiki sam. Ka bi wasanninka goma ɗaya bayan ɗaya ka duba.

ROG Ally ta kamfanin ASUS na Taiwan, wadda ta fito a Yunin 2023, ta kauce wa wannan matsala ta hanyar amfani da Windows 11 kai tsaye. Duk wasan da kwamfuta za ta buga, ita ma za ta gwada shi, ko daga Steam ne, ko daga Epic Games Store da ke raba wasa kyauta kowane mako, ko daga Game Pass na Microsoft inda ake biyan kuɗin wata-wata a buga ɗaruruwan wasanni. Ta fuskar faɗin zaɓi babu wadda ta kai ta. Haka abin yake ga 'yan uwanta masu Windows, irin su Legion Go ta Lenovo da Claw ta MSI. Akwai gargaɗi guda game da sabon samfurin da ASUS da Microsoft suka fitar a Oktoban 2025 da sunan ROG Xbox Ally, ƙarama a kan dala 599.99 babba kuma a kan dala 999.99: sunan Xbox da ke jikinta ba ya nufin tana buga duk wasannin da mutum ya saya a na'urar Xbox ta falo. Kwamfuta ce mai Windows, tana buga wasannin kwamfuta da waɗanda aka saye su ƙarƙashin tsarin da ke ba da izinin wasa a Xbox da kwamfuta duka, sauran kuma sai dai a jawo su ta intanet.

Abin da ake biya a madadin wannan faɗin zaɓi shi ne sauƙin amfani, kuma ina ganin masu kwatanta na'urori ba sa ba wannan batu haƙƙinsa. An ƙera Windows ne don linzami da allon rubutu da babban allo. A kan allo mai inci 7, za ka iske kanka kana neman danna wani ƙaramin akwati da ɗan yatsa, ko wata taga ta faɗo tsakiyar wasa tana neman kalmar sirri, ko sabunta manhaja ya tsaya maka a daidai lokacin da kake da rabin sa'a kacal ta hutu. Kamfanonin suna ta ƙoƙarin rufe wannan da manhajojinsu, kuma fuskar Xbox da aka sa wa sabon samfurin ta rage wahalar, amma Windows ɗin yana nan a ƙarƙashi. A Switch da Steam Deck kuwa, kana tsakiyar wasa aka kira ka, ka danna maɓallin kashewa sau ɗaya, ka ajiye na'urar, bayan sa'a uku ka sake dannawa, cikin daƙiƙu kaɗan ka dawo daidai inda ka tsaya. Na'urar hannu ana buga ta ne a guntayen lokuta, a cikin mota ko a wurin jira ko kafin barci, don haka wannan iya dakatarwa da ci gaba nan take ya fi mini ƙarin ƙarfin da ba kullum ido yake lura da shi a ƙaramin allo ba.

Batun batir yana da lissafin da kowa zai iya yi da kansa, kuma idan ka iya shi babu tallan da zai ruɗe ka. Ana auna girman batir da adadin wat da zai iya bayarwa na tsawon sa'a ɗaya. Steam Deck ta farko tana da 40, samfurinta mai allon OLED, wato allon da kowane ɗigonsa yake ba da haskensa da kansa, da ya fito a Nuwamban 2023 yana da 50, ROG Ally ta farko tana da 40, ita kuma Ally X ta 2024 an ninka mata zuwa 80. Sai ka raba wannan adadi da abin da na'urar take zuƙa a lokacin wasa. Idan babban wasa ya sa Steam Deck OLED tana zuƙar wat 22 zuwa 25 gaba ɗaya, da allo da fanka da komai, to batir mai 50 zai ba ka wajen sa'a biyu. Idan ƙaramin wasa ne mai zane mai sauƙi da ke zuƙar wat 7, za ka samu wajen sa'a bakwai. Shi ya sa Valve yake cewa tana yin sa'a 3 zuwa 12, tazarar da ke nuna cewa wasan ne yake yanke hukunci. Ƙwaƙwalwar ROG Ally ta farko, wato guntun da ke sarrafa lissafi da zanen wasa, tana iya kai wa wat 25 ita kaɗai idan aka buɗe mata wuta a kan batir, kuma a nan ne take nuna fifikonta a kan Steam Deck wadda ƙwaƙwalwarta ba ta wuce 15, amma batir mai 40 ba zai daɗe a wannan gudu ba, abin da za ka samu bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba. Ma'ana, ƙarfin da aka yi maka talla da shi yana samuwa ne sosai idan kana kusa da soket. Wannan ne ya sa nake ganin duk wanda ya ƙudurta sayen na'ura mai Windows ya nemi mai babban batir, ko da zai ƙara kuɗi.

Akwai wata dabara a Steam Deck da nake so ka sani, domin tana nuna irin tunanin da aka yi wajen ƙera ta. Idan ka danna maɓallin da ke da ɗigo uku a gefen dama, jerin zaɓi zai fito ba tare da ka fita daga wasan ba, kuma a ciki za ka iya ƙayyade yawan hotunan da allon zai nuna a daƙiƙa ɗaya, ka sauke shi daga 60 zuwa 40, sannan ka rage wat ɗin da ƙwaƙwalwar za ta sha. Hoto 40 a daƙiƙa ya fi 30 santsi sosai a ido, amma bai kai 60 cin wuta ba, kuma na'urar tana iya tuna wannan saiti ga kowane wasa daban. Nan take za ka ji fankar ta rage ƙara, bayan na'urar ya rage zafi, kuma ƙiyasin lokacin da ya rage wa batir ya ƙaru a gaban idonka. A Switch babu irin wannan, domin masu wasan sun riga sun daidaita komai kafin ya iso gare ka, wanda alheri ne ga wanda ba ya son taɓe-taɓe. Nintendo ya ce Switch 2 tana yin sa'a 2 zuwa 6 da rabi, ƙasa da Switch OLED da ke yin 4 da rabi zuwa 9, kuma wannan shi ne kuɗin da aka biya don samun ƙarin ƙarfi.

Game da allo, Switch 2 tana da mai inci 7.9 wanda yake kai 1080p, wato ɗigo 1920 a 1080, da sabuntawa har sau 120 a daƙiƙa, amma LCD ne, wato allo na yau da kullum da ake haskawa daga baya, ba OLED ba. ROG Ally tana da mai inci 7 da irin waɗannan alƙaluma. Steam Deck OLED tana da mai inci 7.4 mai ɗigo 1280 a 800 da sabuntawa sau 90, wato a takarda ita ce ta ƙarshe, amma a ido baƙinta baƙi ne na gaske kuma launukanta sun fi fitowa, musamman a wasa mai duhu ko a ɗaki da daddare. Ƙarancin ɗigon ma yana da amfaninsa, domin duk ɗigon da aka ƙara aiki ne aka ƙara wa ƙwaƙwalwa da batir. Legion Go ta farko ta zo da allo mai inci 8.8 da ɗigo 2560 a 1600, wanda manyan wasanni kaɗan ne ƙwaƙwalwarta za ta iya cikawa da gudu mai kyau, don haka masu ita sukan sauke shi ƙasa. Switch 2 tana da wata fa'ida daga ƙwaƙwalwar kamfanin Nvidia da ke cikinta, wato fasahar DLSS, wadda take zana hoton a ƙaramin girma sannan ta ƙara masa girma da tsabta, abin da ke sa wasu wasanni su yi kyau fiye da yadda ƙarfinta na zahiri zai nuna.

Nauyi ma kada ka raina shi. Switch Lite giram 275 ce, Switch 2 giram 534 da hannayenta, Steam Deck OLED giram 640, Legion Go ta farko kuwa ta haura 850. Wanda zai riƙe na'ura sa'a biyu a kwance ya san bambancin. Steam Deck tana da faɗi, amma an yi mata wurin riƙo mai kauri da ke cika tafin hannu, tare da maɓallai huɗu a baya da faifan taɓawa biyu da ke maye gurbin linzami, kuma waɗannan faifan su ne suke sa wasannin dabarun yaƙi da gina birane, waɗanda aka yi don kwamfuta, su yiwu a hannu. Switch 2 siririya ce mai sauƙin sawa a jaka, sai dai babban hannu yakan gaji da ita idan ba a sa mata marufi mai wurin riƙo ba.

Inda Nintendo ya yi wa sauran fintinkau shi ne wasan mutane da yawa a wuri ɗaya. A cikin kwalin Switch 2 akwai mazaunin da ake haɗa ta da talabijin, kuma hannayenta biyu suna cirewa, kowanne ya zama abin wasan mutum guda, saboda haka kai da ɗanka ko ƙaninka za ku iya fara wasa tare ba tare da an sayi ƙarin hannun wasa ba. Akwai kuma manhajar waya da iyaye ke ƙayyade wa yara lokacin wasa da ita. Steam Deck da ROG Ally suna haɗuwa da talabijin su ma, amma mazaunin da hannayen wasan daban ake saye. Idan na'urar ta gida ce da za ta riƙa yawo tsakanin manya da yara, ban ga abin da zai sa a wuce Switch ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin tambayarka. Sayen na'urar wasa kamar sayen doki ne, kuɗin ranar farko ba shi ne nauyin ba, ciyarwar ita ce. Farashin da na ambata na lokacin fitowa ne a Amurka, kuma yana motsi, har ma Nintendo ya ƙara wa tsohuwar Switch kuɗi a can a 2025, don haka ka duba na ranar da za ka saya. Steam Deck OLED ta fito a kan dala 549 mai ma'ajiyar 512GB da dala 649 mai 1TB, ROG Ally mai ƙwaƙwalwar Z1 Extreme a kan dala 699.99, Ally X kuma a kan dala 799.99. A wannan jeri Switch 2 ce mafi araha a ranar saye. Amma wasanninta suna da tsada kuma suna riƙe tsadarsu. Mario Kart World ya fito a kan dala 79.99, Donkey Kong Bananza a kan dala 69.99, kuma wasannin Nintendo da suka shekara biyar ko shida sau da yawa suna nan kusa da farashinsu na farko, rangwamen da ake yi musu ba ya zurfi. Wasa da wasu ta intanet yana buƙatar rajistar Nintendo Switch Online, wadda a 2025 ƙaramarta take dala 19.99 a shekara, babbarta kuma dala 49.99, ban da wasannin kyauta irin su Fortnite da ba sa buƙatarta. Ma'ajiyarta 256GB ce, kuma idan ta cika ba ta karɓar katin microSD na yau da kullum don ajiye wasa, sai nau'in microSD Express wanda ya fi tsada. Ka haɗa wasanni goma a kan dala 60 zuwa 70 kowanne, za ka ga sun zarce kuɗin na'urar kanta.

A Steam lamarin ya sha bamban. Babu kuɗin rajista don wasa ta intanet, ana yin manyan rangwame sau da yawa a shekara, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga wasan da ya shekara uku ko huɗu an zabge masa rabin kuɗi ko kashi uku cikin huɗu. Akwai kuma damar mayar da wasa a karɓi kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga shi sa'a biyu ba, wanda ke ba ka damar gwada ko yana tafiya lafiya a na'urarka. Wasan da ka saya yana bin asusunka, don haka idan gobe ka sayi kwamfuta ko wata na'urar hannu ta wani kamfani, kayanka suna nan. Wanda ya riga yake da tarin wasanni a Steam, to Steam Deck ta zo masa da su kyauta tun ranar farko, kuma wannan kaɗai yakan biya bambancin farashin.

Sai dai dole a yi wa Nintendo adalci a nan. Wasan da ka saya a Steam ba za ka iya sayar da shi ba, alhali katin wasan Switch naka ne, za ka iya ara wa aboki, ka musanya, ko ka sayar idan ka gama, kuma tunda wasannin Nintendo ba sa faɗuwa a farashi, katin yakan dawo maka da kaso mai kyau na kuɗinka. Ka lura kawai da wani sabon nau'i da ya zo da Switch 2, wanda ake kira Game-Key Card. A ido kati ne kamar kowanne, amma babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai da zai ba ka izinin sauke wasan daga intanet, sannan dole katin ya kasance a cikin na'urar duk lokacin da za ka buga. Ana iya sayar da shi ko ara shi, amma yana cin ma'ajiyarka kuma yana buƙatar intanet mai ƙarfi a karon farko. An rubuta wannan a ƙasan gaban kwalin, don haka ka karanta kafin ka biya.

To, idan ka matsa mini in zaɓa, ga yadda nake gani. Ga babban mutum da zai yi wasa shi kaɗai, wanda takardarsa ba ta ɗauke da wasannin Nintendo ko waɗancan wasannin gasa masu hana maguɗi, Steam Deck OLED ce na fi ganin tana mayar da kuɗi a tsawon shekaru, saboda arahar wasanni da kyawun allo da sauƙin amfani sun haɗu a wuri ɗaya. Ina faɗin haka ina sane da cewa ƙwaƙwalwarta ta fara tsufa, tsarinta na 2022 ne, kuma wasu sababbin manyan wasanni suna ba ta wahala ko da an sauke komai ƙasa. Idan burinka ka riƙa buga kowane sabon babban wasa a makon da ya fito, za ta ba ka haushi, kuma gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki Ally X ko babbar Xbox Ally. Su ne kuma amsar wanda Call of Duty ko Game Pass ne rayuwar wasansa. Shi kuwa mai son EA Sports FC da Fortnite yana da hanya biyu, domin dukansu suna kan Switch 2, kuma ita ce hanya mafi araha gare shi. Akwai kuma Legion Go S da ta fito da SteamOS a 2025, na'ura ta farko daga wani kamfani da ta ɗauki manhajar Valve a hukumance, ga wanda yake son sauƙin Steam Deck a wani jiki daban.

Kada ka manta da tsohuwar Switch idan kuɗin sun yi kaɗan. Switch Lite, wadda ta fito a 2019 a kan dala 199.99, ba ta haɗuwa da talabijin kuma hannayenta ba sa cirewa, amma tana buga Breath of the Wild da Tears of the Kingdom da Mario Kart 8 Deluxe da dubban wasu, kuma ga yaro ko mai yawan tafiya har yanzu zaɓi ne mai ma'ana, muddin ya san cewa wasannin da aka yi don Switch 2 kaɗai ba za su zo mata ba. PlayStation Portal kuwa, da ta fito a 2023 a kan dala 199.99, ban sa ta a wannan jeri ba, domin ba ta buga wasa da kanta. Tana jawo hoton wasan ne ta intanet daga PlayStation 5 ɗinka ko daga kwamfutocin Sony ga mai babbar rajista, kuma idan intanet ɗin ya yanke wasan ya tsaya.

Abu na ƙarshe shi ne gyara da sayen na hannu. Valve yana sayar da kayan gyaran Steam Deck ta hannun iFixit, kamfanin da ke sayar da kayan gyaran na'urori, har da sandunan sarrafawa da allo da batir, kuma ma'ajiyarta ana iya cire ta a sa babba, haka ma ta ROG Ally. Na Nintendo a rufe suke, kuma hannayen Switch ta farko sun yi ƙaurin suna da matsalar sandar da ke motsa abin cikin wasa ba tare da an taɓa ta ba, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a kai a 2020. Idan na hannu za ka saya, ko wacce ce, ka shiga wurin gwajin sanduna a cikin saiti ka sake su ka ga ko alamar tana tsayawa cak a tsakiya, ka buga babban wasa na minti goma sha biyar kana kallon yadda batir yake sauka, ka sa kati a ramin katin ajiya ka tabbatar tana karanta shi. Idan Switch ce, ka ƙara da haɗa ta da intanet ka buɗe kasuwar eShop a gaban mai sayarwa, domin Nintendo yakan toshe na'urar da aka kama da wasannin sata daga hidimominsa na intanet, kuma toshewar tana bin na'urar ne ko da ta canza hannu.